Bakolori: Wurin Shan Iska da Tarihin da Ke Ƙarƙashin Ruwa



Duk mai bibiyar littattafan da muke rubutawa a 'yan shekarun nan ya san inda ango mai kuɗi ke kai amaryarsa hutu. In ba Dubai ba, to wani tsibiri ne a tsakiyar teku, Maldibs ko Zanzibar. Sai a cika shafi uku da bayanin otal da abinci da farin yashi, a dawo gida ba a ce uffan a kan mutanen wurin ba. Alhali wanda ya je Zanzibar da gaske ba ya ƙarewa a bakin teku. Ana kai shi tsohon gari, a nuna masa inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, da cocin da aka gina a kan filin. Haka tsibirin Gore da ke daura da Dakar a Senegal: baƙi kan hau jirgin ruwa su je shan iska, su dawo jikinsu a sanyaye saboda abin da aka ba su labari. Mutanen can sun san baƙo na biyan kuɗi don ya huta, yana kuma biya don a gaya masa abin da ya faru a inda yake tsaye.

Mu nan ba mu da teku. Ruwa mafi girma da ɗan Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya buɗe ido ya gani shi ne dam ɗin Bakolori. Lokacin da hanya ke da lafiya, can matasa ke zuwa yawon Sallah, can ɗalibai ke zuwa ziyarar ƙaro ilimi, a ɗauki hoto a kan gini, a sayi kifi, a dawo. Wurin ya cancanci a je. An datse Gulbin Sakkwato ne, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau, da ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita biyar da rabi, tsakiyarta ginin kankare mai tsayin mita 48. Tafkin da ya taru a baya ya mamaye kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa mita miliyan 450 na ma'aunin cikin tafki. In rana ta yi sanyi masunta suka fito da kwale-kwale, ba ka buƙatar wani tsibiri.

Sai dai kafin ruwan ya zo, gonaki ne a wurin, da gidaje, da makabartu.

Maganar ta faro ne daga 1969, lokacin da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gama binciken kwarin Sakkwato da Rima. Shawararta ita ce a yi ƙaramin dam, a bi abin sannu a hankali yadda ba zai rikita noman fadama da mutane suka gada ba. Amma sai abubuwa biyu suka haɗu a farkon shekarun 1970: fari ya gasa Arewa, kuɗin man fetur kuma ya malalo wa gwamnatin Janar Gowon. Ƙasa na sayo alkama daga waje, ana son a noma ta a gida. Mai kuɗi a aljihu ba ya jin “sannu a hankali”. Aka gayyato Turawan Italiya, su kuwa suka ba da shawarar katafaren dam guda ɗaya, kuma kamfaninsu Impresit, wani reshe na Fiat mai ƙera motoci, shi ya samu kwangilar. A lura da wannan: wanda aka tambaya ko a yi babba ko ƙarami, ɓangarensa ne zai ci ribar girman. An fara aiki a 1974, aka gama ginin a 1978, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Mutanen da aikin ya taɓa kashi uku ne, kuma kowa da irin kukansa.

Na bayan dam su ne ruwa ya kora. Kimanin mutum 13,000 aka tasa, har da mutanen Maradun, aka kai su sabon matsuguni a kan tudu. Wanda ya saba da fadamar da ke ba shi shinkafa da damina, ta ba shi albasa da dankali da rani, aka nuna masa fako aka ce ga gonarka.

Na can ƙasa da dam, masu jiran ambaliyar shekara-shekara ta jiƙa musu fadama, babu ma wanda ya sa su a lissafi. Ruwa ya daina hawa kamar da, dubban hektocin shinkafa suka koma na gero, kifi ya ragu, masunta da yawa suka bar gida. Su ba a rushe musu ɗaki ko ɗaya ba, don haka babu takardar da za su kai ofis.

Na tsakiya, wato waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa na hekta 23,000 da aka tsara a ƙasar Mafara da Bakura, su ne a takarda masu cin moriya. Ga yadda moriyar ta zo musu. Kafin a shimfiɗa magudanai da bututu sai an baje ƙasa. Katafila ta shigo ta tuge ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, itatuwan da mace ke samun kuɗin daddawa da man kaɗe daga gare su, ta share iyakokin da kakanni suka shata. Aka hana mutum shuka a gonarsa damina ɗaya, biyu, wani har uku, ana jiran ɗan kwangila ya gama. Da aka zo rabo, wani ya samu ƙasa da abin da ya bayar, wani ya tarar an kankare ƙasar sama mai albarka, wani kuma ya ga gonarsa a hannun wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ƙara dagula lissafi, don ta mayar da ƙasa hannun gwamna, diyya kuwa sai a kan abin da ke bisa ƙasar. Ita ma diyyar ta zo a makare, ta bi ta hannaye da yawa, kowane hannu kuma da danshinsa.

Manoma ba su fara da faɗa ba. Sun kai kuka wurin dagatai da hakimai, sun je ofishin hukuma, wasu sun shiga kotu. Da abin ya ƙi, sai suka gano inda ke yi wa ɗan kwangila ciwo: kowace ranar da injuna suka kwana ba aiki, kuɗi ne ke ƙonewa. Suka riƙa tare hanyoyin shiga wurin aiki, suna hana motoci wucewa. Mulkin farar hula ya dawo a watan Oktoba na 1979, Alhaji Shehu Shagari, ɗan Jihar Sakkwato, ya zama shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa ya zama gwamna. Gwamna ya yi alkawarin biyan hakki. Aka shiga 1980 alkawari bai cika ba, shingayen suka dawo da ƙarfi, aiki ya tsaya.

A ƙarshen watan Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga ƙauyukan. An yi harbi, an ƙona gidaje da rumbuna, kuma sunan Birnin Tudu shi ne ya fi fitowa a bakin masu ba da labari. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Masu adawa da masu bincike suka ce sun haura 380. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita kanta labari ce, kuma ni a ganina marubucin da ya tsaya yana gardamar wace ce daidai ya bar jaki yana dukan taiki. Ko ashirin ne, manoma ne da suka nemi kuɗin gonarsu. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Dakta Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman, sun rubuta abin da ya faru, har ya zama darasi a jami'o'in duniya a kan yadda babban aikin raya ƙasa ke taka talaka. Da Turanci suka rubuta. Jikan wanda aka harba a Birnin Tudu, in bai yi boko mai nisa ba, sai dai ya ji a bakin kakarsa.

Alkamar da aka yi duk wannan dominta ba ta zo yadda aka zata ba. Kashi mafi girma na filin an tsara shi ne da famfunan feshi masu aiki da wuta da kayan gyara daga Turai, kuma zuwa farkon shekarun 2000 sun tsaya cak. Abin da ya rayu shi ne ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta magudanai, shinkafa kuma ta zama sarauniyar wurin. Daga baya an shigo da rancen Bankin Duniya don gyaran magudanan. Gaskiya ce dole a faɗa: yau dubban gidaje a Mafara da Bakura da noman ranin Bakolori suke ci, da shi suke aurar da 'ya'ya. Wanda zai rubuta labarin nan ya mai da dam ɗin dodo kawai, manomin da ke ɗaure buhunan shinkafa a watan Afrilu zai ƙaryata shi.

Kuma kada baƙo ya ɗauka tarihin yankin daga dam ya fara. Bakura na da Sarkin Burmi, Maradun na da Sarkin Ƙaya, sarautun da suka girmi zuwan Turawa. Sunan Talata Mafara kansa daga kasuwarta ta ranar Talata ya samo asali. A nan Muhammadu Macciɗo ya yi hakimci da sarautar Sarkin Kudu tun a shekarun 1950, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato. Makaɗinsa Sa'idu Faru, Malamin Waƙa, ɗan Faru ne ta ƙasar Maradun. Alhaji Musa Ɗanƙwairo kuwa a ƙasar Bakura aka haife shi, a fadar Maradun ya gaji kiɗa wurin mahaifinsa, daga nan muryarsa ta kai gaban Sardauna. Ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna sun ba Hausa biyu daga cikin manyan makaɗan fadarta, amma jarumin littafinmu har yanzu waƙar Indiya yake kunnawa a mota.

Wanda zai sa manomin Bakolori magana a labari, don Allah kada ya sa masa Hausar Kano a baki. Tsohon da ya tsaya gaban katafila “mi” yake cewa, “ɗiyana” yake cewa, “shina” yake cewa. In aka goge wannan an sake baje masa gona.

Zuwa wurin yanzu ba kamar da ba ne, kowa ya sani. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, a watan Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ƙauyukan Maradun kuwa da yawa sun watse. Wasu daga cikin iyalan da ruwa ya tasa a shekarun 1970 sun sake ɗaukar kaya a ka, wannan karon bindiga ce ta taso su. Hakan ya sa tsofaffin da suka ga 1980 da idonsu da dama suna cikin garin Mafara da Gusau, zaune a gidajen 'yan'uwa, inda mai littafi da biro zai iya samunsu ba tare da ya shiga daji ba. Saurayin da ke da shekara ashirin ranar da aka yi harbin, yau ya haura sittin. Wanda ya yi gardama da masu awon gona a matsayin magidanci kuwa yana neman tamanin, in yana raye.