Masu Riƙe da Zari-ruga a Ƙananan Garuruwan Arewacin Ingila

A gaɓar tekun arewa maso yammacin Ingila, cikin yankin Cumbria, akwai wani ƙaramin gari mai suna Millom wanda tama ce ta kafa shi. Mahaƙar Hodbarrow da masana'antar narka ƙarfe su suka tara jama'a a wurin a ƙarni na 19, kuma dukansu an rufe su a 1968. Kulob ɗin zari-rugar garin kuwa, wanda aka kafa tun 1873, har gobe yana fita fili, yana ma alfahari da cewa babu kulob ɗin 'yan sa-kai da ya girme shi a duniya a irin wasan da ake yi da mutum goma sha uku, wato Rugby League. Haka abin yake a unguwar Kells ta garin Whitehaven, inda aka rufe ramin kwal na Haig a 1986, da Featherstone ta Yorkshire, inda ramin Ackton Hall ya daina aiki a 1985. Sana'ar da ta haifi waɗannan garuruwa ta mutu, kulob-kulob ɗinsu sun rage. An saba cewa ƙaunar wasa ce ta riƙe su, amma wannan amsa ta yi arha, domin garuruwa da dama sun ƙaunaci wasan kuma kulob ɗinsu ya rushe. Abin da tarihi ya nuna shi ne, kulob ɗin da ya rayu shi ne wanda mutanen garin suka mallaka da kansu, filinsa da zaurensa da asusunsa da tarbiyyar yaransa duk suna hannunsu, kuma duk lokacin da aka ɗauke wannan iko aka kai shi sama, wasan ya kan yi rauni daga tushe.

Sai an koma asalin wasan kafin a gane haka. A ƙarshen ƙarni na 19 zari-ruga iri ɗaya ce a Ingila, ƙarƙashin hukumar RFU da ke Landan, wadda 'ya'yan masu hali ke jagoranta. A arewa kuwa masu buga wasan mahaƙan kwal ne da ma'aikatan masaƙu da 'yan dako a tashar jiragen ruwa, mutanen da ke aiki har ranar Asabar. Wanda zai buga wasa a wani gari dole ya bar aikin safiya, a yanke masa albashi, in kuma ya karye a fili to gidansa ne zai kwana da yunwa. Kulob-kulob na Yorkshire suka nemi a yarda su riƙa mayar wa ɗan wasa kuɗin ranar da ya rasa. A taron 1893 aka ƙi, da ƙuri'a 282 a kan 136. Ranar 29 ga Agusta 1895 wakilan manyan kulob-kulob na arewa suka haɗu a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle suka kafa tasu hukumar, suka yanke cewa za a iya biyan ɗan wasa har sule shida a kan ranar aikin da ya rasa. A 1906 aka rage 'yan wasa daga goma sha biyar zuwa goma sha uku, a 1922 kuma hukumar ta ɗauki sunan Rugby Football League.

Saboda wannan asali ne mutane da yawa ke ɗaukar wasan a matsayin na kuɗi tun ran gini. Amma sule shidan nan diyya ce, ba albashi ba, kuma abin da ma'aikatan ke nema shi ne talaka ya iya yin wasa ba tare da ya cuci iyalinsa ba. Mafi yawan waɗanda suka bi sabuwar hukumar a shekarun da suka biyo baya ƙananan ƙungiyoyi ne na unguwa, na coci, na masana'anta, na mashaya, waɗanda ba su taɓa biyan kowa ko sisi ba. Duk da haka RFU ta ɗauke su duka a matsayin masu wasa don kuɗi. Saurayin da ya buga wasa ɗaya tak a kulob ɗin unguwarsu yana iya rasa damar buga ɗaya nau'in har ƙarshen rayuwarsa. Rundunar sojan Birtaniya ba ta amince da wasan a hukumance ba sai a 1994, kuma katangar da ke tsakanin nau'ikan biyu ba ta faɗi gaba ɗaya ba sai a 1995. Shekara ɗari ke nan kulob ɗin ƙaramin gari ba shi da gata a manyan makarantu ko a bariki ko wajen masu mulki. Wannan wariya zalunci ce, amma ita ce ta koya wa mutanen cewa in ba su tashi sun yi da kansu ba, babu mai yi musu.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin abin da ya faru a 1973. Kafin wannan shekara, harkar 'yan sa-kai tana hannun hukumar da manyan kulob-kulob masu biyan albashi ke juyawa, su kuwa hankalinsu na kan kuɗin ƙofa da cinikin 'yan wasa. Talabijin ta shigo gidaje, an rushe tsofaffin unguwannin ma'aikata an watsa mazaunansu, ƙungiyoyin masana'antu na ta mutuwa, har yawan ƙungiyoyin manya na sa-kai ya faɗi ƙasa da 150, na matasa kuwa kimanin talatin. Sai wasu masu kishin wasan suka taru a Huddersfield suka kafa ƙungiyar BARLA domin 'yan sa-kai su riƙa mulkin kansu, da fam 25 kacal a asusu. Cikin jagororinta akwai Tom Keaveney da Maurice Oldroyd. Manyan kulob-kulob suka ƙi amincewa da ita da ƙuri'a 29 a kan ɗaya, kuma wannan ɗayan Tom Mitchell ne na Workington, mutumin Cumbria. Ba a daɗe ba suka sauko suka amince. Cikin shekaru ashirin ƙungiyoyin suka ninka sau da yawa, har Sarauniya Elizabeth ta je Huddersfield a 1990 ta buɗe hedikwatar BARLA. Abin lura shi ne wannan bunƙasa ta zo ne daidai lokacin da arewacin Ingila ke cikin mafi munin halin tattalin arziki, lokacin yajin aikin mahaƙan kwal na 1984 zuwa 1985 da rufe ramukan da ya biyo baya. Aljihun mutane ya ragu, wasan ya ƙaru. Abin da ya sauya shi ne wanda ke riƙe da ragama.

Mallakar kai a nan aiki ne na zahiri, kuma mai son ganinsa sai ya je fili da hantsin Asabar, kafin 'yan kallo su iso. Wani dattijo na tura keken zana farin layi a kan ciyawa mai laima. Wani na ɗaura katifun kariya a gindin turakun gola. Sakatare na cike takardar sunayen 'yan wasa, yana duba katin rajistar kowa, domin kuskure ɗaya na iya jawo tara ko a ƙwace maki. A kicin mata da maza na dafa abincin da za a ba baƙi bayan wasa, al'adar da ba a karya ta, ko da an kusa ba hammata iska a fili. Bayan an tashi, wani zai kwashe riguna goma sha bakwai, har da na 'yan canji, da suka sha taɓo ya kai gida ya wanke, ma'aji kuma ya zauna ya ƙirga cinikin zaure da na tikitin cin kyauta, ya ware kuɗin alƙalin wasa, na inshora, na wutar fitilun atisaye, da na motar da za ta kai 'yan wasa Hull mako mai zuwa, tafiyar da daga yammacin Cumbria takan ci sa'o'i uku zuwa huɗu. Babu ko ɗaya cikinsu da ke karɓar albashi. Lokacin da BARLA ta kafa gasar ƙasa a 1986 da ƙungiyoyi goma, cikinsu har da Millom da Egremont Rangers da Wigan St Patricks da Leigh Miners, abin da aka riƙa dubawa wajen shigar da kulob ya wuce iya cin wasa: ana duba filinsa, zaurensa, da ko yana da ƙungiyoyin yara. Waɗanda suka tsara haka sun san cewa 'yan wasa goma sha uku masu ƙarfi za su tsufa, amma zaure da yara su ne ke kai kulob shekara hamsin.

Akwai masu cewa duk wannan yabon ƙawa ne kawai, ƙananan kulob-kulob gonar renon 'yan wasa ce ta manya, kuma darajarsu ba ta wuce nan ba. Gaskiya ne cewa daga nan taurari ke fitowa. Shaun Edwards da Sam Tomkins sun taso a Wigan St Patricks, Kevin Sinfield a Waterhead ta Oldham, Sam Burgess da 'yan'uwansa a Dewsbury Moor. Amma wannan hujja tana juyawa ne kan mai ita, domin tana nuna waye ke bukatar wani. Kulob ɗin Super League, babbar gasar masu biyan albashi, ba ya koya wa yaro ɗan shekara bakwai yadda ake riƙe ƙwallo ko yadda ake faɗuwa ba tare da jin ciwo ba. Yana zuwa ne bayan wani koci da ba a biya ya shafe shekaru takwas yana tsayawa cikin ruwa da sanyi sau biyu a mako. Kuma cikin kowane yara ɗari da suka bi ta hannun wannan koci, 'yan ƙalilan ne za su ci abinci da wasan. Sauran su ne za su zama 'yan wasan garin, iyayen yaran gobe, da 'yan kwamitin jibi. Ƙananan ma sun sha nuna cewa ba a raina su a fili. A gasar kofin Challenge ta 1978 Pilkington Recs, ƙungiyar ma'aikatan kamfanin gilashi na St Helens, ta sha kashi a hannun Castleford da tazarar maki ɗaya, 23 da 22. A 1998 Egremont Rangers ta lallasa maƙwabciyarta Workington Town, mai biyan 'yan wasa, da ci 18 da nema.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Masu shi na cewa zamanin dogaro da kai ya wuce: fitilun fili, ɗakunan sauya kaya na mata da na maza, inshora da horar da kociyoyi kan kare yara duk sun fi ƙarfin cinikin zaure, don haka kuɗin sama ne ke riƙe kulob a yau. Suna da hujja. Tun kafa cacar ƙasa ta Birtaniya a 1994 kuɗinta ya gina zauruka da dama, kuma albarkacin gasar cin kofin duniya ta 2021, wadda annobar korona ta sa aka buga a 2022, gwamnati ta ware fam miliyan 10 don gyara wuraren wasa na al'umma. BARLA kanta ta koma ƙarƙashin inuwa ɗaya da babbar hukuma a 2004. Sai dai tallafi ba ya zuwa da ƙafarsa. Sai kulob yana da kwamiti mai rai, da littafin kuɗi tsaf, da takardar mallaka ko hayar fili ta dogon lokaci, da wani mai haƙurin cike takardu dare da rana, kafin ya samu. Tallafin yana gina bango a kan harsashin da 'yan sa-kai suka haƙa. Kuma an ga abin da kuɗin sama kan zo da shi in babu mai taka masa birki. A 1995, da kamfanin Rupert Murdoch ya kawo fam miliyan 87 don kafa Super League, shirin farko shi ne a haɗe Featherstone da Castleford da Wakefield su zama kulob ɗaya, a kuma narkar da Workington da Whitehaven da Barrow da Carlisle cikin ƙungiya guda ta Cumbria. A lissafin kasuwa abin ya yi daidai. Mutanen garuruwan suka fito zanga-zanga, cikin 'yan makonni aka janye shirin. Featherstone gari ne na mutum kusan dubu goma sha biyar da ya ɗauki kofin Challenge sau uku, a 1967 da 1973 da 1983, kuma mutanensa ba su ga dalilin da zai sa su miƙa sunansu ga wani ba.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne kan raunin da ke cikin tsarin kansa. Kulob da yawa sun dogara da cinikin giya a zaure, abin da ke nisanta wasu iyalai, ciki har da Musulmi masu yawa da ke zaune a garuruwan wasan irin su Batley da Dewsbury da Keighley da Bradford, kuma cinikin ma yana raguwa yayin da kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki ke hawa. Aiki na karɓa-karɓa da na ƙarshen mako ya sa tara mutum goma sha bakwai ranar Asabar ya fi da wuya. Komawar manyan gasannin 'yan sa-kai daga hunturu zuwa bazara a 2012 ta ba yara fili busasshe, amma ta haɗa wasa da lokacin bukukuwan aure da hutun iyali da wasan kurket. Ga kuma fargabar iyaye kan raunin ƙwaƙwalwa, wadda ta sa hukuma ta saukar da iyakar inda ake kama ɗan wasa zuwa ƙasan hammata a wasannin al'umma daga 2024. Mafi haɗari duka shi ne nauyin kan taru a wuyan mutum biyar ko shida, yawancinsu sun manyanta, kuma rasuwar sakatare ɗaya na iya girgiza kulob fiye da faɗuwa goma a jere.

Amma ko waɗannan matsaloli, kulob-kulob ɗin da ke shawo kansu ta hanyar faɗaɗa masu mallaka suke yi. Ƙungiyoyin 'yan mata da na mata, waɗanda suka yawaita tun kafa babbar gasar mata a 2017, sun kawo sababbin iyaye, cikinsu kuma ake samun sababbin ma'aji da kociyoyi. Zauren da a da ba ya buɗewa sai ranar wasa yanzu ana hayarsa don walima da taron unguwa da motsa jikin tsofaffi, wasu ma sun zama wurin raba kayan abinci ga mabukata. Abin da ya rage wa babbar hukuma da kulob-kulob masu kuɗin talabijin shi ne su rage wa waɗannan mutane nauyin takardu da na tafiye-tafiye, su mayar da wani kaso na abin da suke samu daga yaran da aka rena musu, sannan su bar shawarar lokacin wasa da tsarin gasa a hannun kwamitocin Millom da Kells da Egremont, waɗanda su ne za su nemo motar su kuma biya kuɗin manta.