Dokar Mayar da Kamfanoni ga 'Yan Ƙasa ta 1972: Mallaka ko Iko?

A cikin wannan takarda muna so mu waiwayi wani mataki da Gwamnatin Tarayya ta ɗauka domin ɗaukaka 'yan kasuwan Nijeriya, watau dokar mayar da kamfanonin baƙi ga 'yan ƙasa, mu ga abin da ta haifar, musamman a Arewa.

Lokacin da aka sami mulkin kai a 1960, manyan harkokin ciniki suna hannun kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da CFAO, a ƙarƙashinsu kuma akwai Kwarori da Indiyawa. Mafi yawan 'yan ƙasa dillalai ne, ko masu sari daga waɗannan kamfanoni. Bayan Yaƙin Basasa, da kuɗin man fetur suka fara shigowa, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa wannan doka a 1972, ta ba baƙi wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 1974.

Dokar ta kasa sana'o'i gida biyu. Kashi na farko, sana'o'i 22, an keɓe su ga 'yan ƙasa kaɗai, kamar gasa burodi, da gidajen silima, da sufurin kaya a mota, da sayar da kaya ɗaiɗai. A kashi na biyu, mai sana'o'i 33, an yarda baƙo ya ci gaba in kamfaninsa babba ne, amma sai ya sayar wa 'yan ƙasa kashi 40 cikin ɗari na hannun jari. A 1973 kuma aka kafa Bankin Ciniki da Masana'antu domin ba masu saye rance.

To, amma wa ya saya? Hannun jari sai mai kuɗi a hannu, ko wanda banki ya yarda da shi. Manyan ofisoshin mafi yawan bankuna da kasuwar hannun jari a Ikko suke, saboda haka attajiran can da manyan ma'aikata su suka kwashi kaso mafi tsoka. Ɗan kasuwar Arewa da ya saba ajiye dukiyarsa cikin kaya da gidaje, yana kuma ƙyamar rancen da ke da ruwa, ya tarar an yi nisa. Dama Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa gwamnatocin jihohin Arewa suka shiga saye ta hanyar kamfanoninsu na zuba jari, irin su NNDC da ke Kaduna.

Matsala ta biyu ita ce ta aron suna. Baƙo ya rubuta sunan ɗan ƙasa a takarda, yana ba shi ɗan wani abu, alhali makullin kanti da littafin lissafi suna hannunsa. Kwamitin binciken da aka naɗa a 1975 ya gano cewa kusan sulusin kamfanonin da dokar ta shafa ne kawai suka bi ta sosai. Wannan ya sa gwamnatin Janar Obasanjo ta sake doka a 1977, mai kashi uku: inda 'yan ƙasa za su mallaki duka, da inda za su riƙe kashi 60, da inda za su riƙe kashi 40. Ta kuma ƙayyade abin da mutum ɗaya zai iya saye, ta keɓe wa ma'aikatan kamfani rabo.

Ba za mu ce dokar ba ta tsinana kome ba. A Kano, shagunan yadi na Kantin Kwari sun riƙa komawa hannun 'yan ƙasa, Kwarori da yawa kuma suka karkata ga masana'antu a Bompai da Sharaɗa. Sai dai a manyan masana'antu, injuna da kayan gyara da gwanaye daga waje suke zuwa, don haka iko ya zauna inda yake. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka koma zawarcin jarin waje. Aka sassauta dokar a 1989, aka soke ta a 1995.

Abin da muka fahimta shi ne, doka tana iya sauya sunan da ke kan takarda, amma ba ta mayar da mai hannun jari mai sana'a. Duk gwamnatin da ke nufin raya kasuwanci sai ta fara tanadar wa mutanenta hanyar samun jari wadda ta dace da al'adarsu da addininsu, da kuma horon gudanar da masana'anta, kafin ta miƙa musu makulli.