Mai Tocila da Wayar Shafa a Ƙasar Kudan

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a Abuja, kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285, kuma watan Agusta bai fita ba sai da Econet da MTN suka fara sayar da layi. Kafin wannan shekara, layukan NITEL na ƙasar nan kaf ba su kai rabin miliyan ba. Ƙaramar hukumar Kudan tana da shekara biyar a lokacin, tun da a 1996 aka cire ta daga Makarfi, aka ajiye hedikwatarta a Hunkuyi. Mutumin Likoro ko Doka ko Zabi da ke son jin muryar ɗansa a Legas sai ya yi asubanci ya shiga Zariya. Sauran saƙonni direban mota ne ke ɗauka, ko ɗan makarantar da aka zaunar ya rubuta wasiƙa. Rasuwa a Rediyon Kaduna ake jin ta, 'yan uwanmu na Makka kuwa kaset suke cikawa da magana su ba alhazai su kawo.

Wayar ta zo da tsadar da ta fi ƙarfin talaka. Layi kaɗai naira 20,000 ne ko fiye, a zamanin da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha yake naira 5,500. Minti ɗaya naira 50, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Manyan 'yan siyasa na riƙe da Turayya mai magana ta tauraron ɗan'adam, masu hali na riƙe da Nokia 3310 ko Sagem ko Trium mai eriya. Sabis ma daga Zariya yake leƙowa, sai an san tudun da ake tsayawa a same shi. Da Glo ta fito a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi sahu dole, kuɗin layi ya rushe, teburan buga waya masu lema suka cika bakin tasha. Daga nan muka koyi filashin: ka kira ka katse, mai kati ya biyo ka.

Na yi shekarun ƙuruciyata a shagon caji da gyaran waya a bakin titin da ya taso daga Zariya ya ratsa Hunkuyi ya nufi Danja, saboda haka abin da zan faɗa a kan teburin aiki na gan shi. Wayar da ta shigar da manomi cikin wannan harka ita ce Nokia 1100, wadda ta fito a ƙarshen 2003, aka sayar da fiye da miliyan 250 a duniya. Wanda ya zana ta ya yi tunanin mutane irinmu. Madannanta roba ce guda a shimfiɗe, ƙura ba ta samun kafar shiga. Gefenta ba ya santsi a hannun da ya yi gumi. A kanta akwai tocila, dalilin da ya sa samari suka laƙaba mata, ita da ƙannenta irin su 1200, sunan rakani-kashi. Batirinta na kai mako guda idan ba a cika surutu ba, kuma a garin da wutar NEPA kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, wannan ya fi kowace kwalliya.

Mai noman rani zai kawo ta bayan ta faɗa kwalbatin ban-ruwa, tana ɗigar da laka. Ka zare batir nan take, ka kwance noti, ka wanke allon ciki da fetur da tsohon burushin haƙori, ka shanya a kan kwano a rana. Kafin la'asar ta kawo wuta. In murfin baya ya karye a ɗaure da roba, in batir ya kumbura a sayi wani a kowane shago, don batir iri ɗaya ne ke shiga wayoyi da yawa. Ko wayar ba sai ta zo wurin caji ba: yaro ake aikowa da batirin kawai, mu manna masa lamba a 'yar takarda, mu maƙala shi a cajar nan mai ƙafafu biyu da fitila mai walƙiya, ƙaramin janareta na ta kuka a bayan shago.

Abin da wannan 'yar waya ta yi wa kasuwancinmu ban ga wata na'ura da ta yi irinsa ba. A da, mai tumatir zai yi lodin kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas bai san me zai tarar ba. In motoci sun yi yawa a ranar, kaya ya kwanta masa, sai ya dawo da bashin kuɗin mota. Da waya ta zo, tun kafin a tsinki ɗan tumatir ɗaya an ji farashin safiya daga bakin dillali, sai a yanke shawarar tsinka yau ko a jinkirta. Direban da motarsa ta lalace a Jebba da kayan gwari zai kira a nemo wata motar kafin kaya ya ruɓe. Haka masu rake da ke kai kaya Makarfi, haka masu mazarƙwaila. Baffana bai yi boko ba, amma ya haddace lambobi ukun ƙarshe na duk abokan cinikinsa, yana gani ya san mai kira. A 2012 ma, da ministan noma Akinwumi Adesina ya kawo tsarin rabon taki mai rangwame ta waya, a kan waɗannan ƙananan wayoyi saƙon ya riƙa shigowa.

A nan ne kuma gazawarta ta fito. Saƙon tes sai mai karatun boko, don haka manomi zai zo shago da waya a hannu ya ce a duba masa ko takin ne ya fito, kuma sirrinsa ya zama na duk wanda ke zaune a benci. Ba ta ɗaukar hoto. Sunaye 50 kawai cikinta ke riƙewa, sauran sai a kan layi, layin ya ɓata shi ke nan. Duk maganar da za ka yi kuma kati take ci, shi ya sa gaisuwar Bahaushe mai tsawo ta gajarce a waya, har dattawa suka riƙa ganin rashin ladabi ne.

Tsakanin wannan zamani da na wayar shafa akwai 'yan Chana masu layi biyu, masu lasifikar da ake ji daga wancan layin kasuwa, wasu har da eriyar talabijin. Ba su da ƙarko, amma sun gane cewa mutumin ƙauye na bukatar layi biyu, don kamfanin da ke kamawa a gida ba lallai ya kama a fadama ba.

Manyan wayoyin farko da suka iso mana ba na shafa ba ne. Su ne Nokia masu tsarin Symbian: 6600 ta 2003, N70 ta 2005, N73, sai N95 ta 2007 mai zugewa. Yawanci na hannu ne, daga PZ a Sabon Garin Zariya ko Farm Centre a Kano. Suna da kyamara da bidiyo da intanet, samari na shiga Opera Mini, daga baya aka kwana a kan 2go. Amma ni a ganina ba intanet ne ya sa suka karɓu a Kudan ba, memori ne. Wannan ɗan ƙanƙanin kati ya haifar da sana'ar 'yan dawunlodin, masu kwamfuta da ke tura wa mutum abin da yake so: karatun Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, tafsirin Sheikh Ɗahiru Bauchi, darussan Albani Zariya, waƙoƙin Shata, finafinan Kano. Abin da aka tura wa mutum ɗaya da safe, kafin dare bulutut ya zagaya da shi majalisa uku. Kasuwar kaset a nan ta fara mutuwa. Sai dai irin waɗannan wayoyi ba sa son ƙasa. Masu zugewa zaren cikinsu ke tsinkewa, masu ɗan madannin juyawa a tsakiya ƙura ke kashe shi, ga kuma ƙwayar cutar waya da ke bin bulutut ɗin nan dai da ake murna da shi.

BlackBerry kuwa ba ta taɓa zama wayar garinmu ba. A shekarun 2010 zuwa 2012 ita ce abin yayi a Kaduna da Abuja da cikin Jami'ar Ahmadu Bello, ana tambayar juna lambar PIN. A nan sai ɗalibin da ya zo hutu, ko wani ma'aikaci a sakatariya, ko mai riƙe jakar ɗan siyasa. An yi ta ne don mai ofis da imel, mai rubutu da yatsu biyu, mai biyan kuɗin intanet wata-wata, mai soket kusa da gadonsa. Manomin rake ba shi da ko ɗaya daga cikin huɗun.

Wayar shafa ta zama ta jama'a ne da Tecno ta kawo Android mai araha wajen 2012 da 2013, shekaru biyar bayan fitowar iPhone a Amurka. Waɗannan wayoyi na farko, ko na wane kamfani ne, wahalarsu ɗaya. Gilashi ne, faɗuwa ɗaya a kan dutsen masallaci ta isa, kuma kuɗin sabon gilashi ya sayi ƙaramar waya sukutum. Batir ba ya kai magariba. Ciki kan cika da hotunan biki guda, wayar ta tsaya cik. Yatsan da ya jiƙe ko ya sha laka ba ya shafuwa, cikin rana tsaka kuma ba a ganin fuskarta. Data na zurarewa mai ita bai san inda ta bi ba. Mu masu caji kasuwarmu ta buɗe, don abin da ake kawowa sau ɗaya a mako ya koma kullum, amma daga aljihun manomi kuɗin ke fita.

Abin da ya juya lissafin shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ta kawo a Agustan 2013. Tun zuwan waya ba a taɓa ba mutumin da ya yi allo bai yi boko ba hanyar aika saƙo da bakinsa, ya ajiye a saurara in an samu sarari, ba tare da ya roƙi kowa ya karanta masa ba. Tsohuwar da ta saba jiran kaset daga Makka ta gane shi nan take. Da hoto ya haɗu da murya, mai gonar inabi a Kudan ya samu damar nuna wa malamin gona ganyen da ya kamu da cuta, mai saye a Kano ya ga kaya kafin ya taso. Ta wannan ƙofa kuma ƙarya ta samu ƙafa. A Agustan 2014, lokacin Ebola, dare ɗaya aka tashi ƙasa guda wanka da ruwan gishiri wai don kariya daga cutar, kuma ƙananan wayoyi ma sun yi nasu aikin a wannan dare.

Manyan wayoyin farko duk sun kau. Microsoft ta saye sashen wayar Nokia a 2014, WhatsApp ta daina aiki a kan Symbian da BlackBerry a 2017, aka rufe BBM na jama'a, manhajar hira ta BlackBerry, a 2019. Mai madanni kuwa tana nan, yau yawanci itel ce ko Tecno, da tocilarta da rediyonta. A farkon 2023, da takardar naira ta yi ƙaranci, na ga 'yan kasuwa da dama suna tura kuɗi ta lambar banki mai tauraro a kan ƙaramar waya, babbar na aljihu ba caji. Dillalan da na sani biyu suke riƙewa, kuma layin da ake kiransu a kai na ciniki yana cikin ƙaramar.

Saboda haka ɗan uwa, in ka samu buɗi a birni za ka saya wa Baba waya, kada girman kyamara ya ɗauke maka hankali. Tambayi kwana nawa batirinta ke yi, nawa ne gilashinta in ya fashe, kuma ko akwai mai gyaranta a Hunkuyi. In ka ga lallai sai ta shafa don ya riƙa jin muryar jikokinsa, to ka haɗa masa da ƙarama ta zuwa gona.