Littafin Alƙali: Ma'ajiyar Sunayen Kakanninmu

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu, in aka tambaye su salsalarsu, ba sa wuce sunan kaka. Dattawan da ke riƙe da sauran sunayen kuwa kullum raguwa suke yi. To, akwai wata ma'ajiya da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato littattafan shari'a na kotunan alƙalai.

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun bar alƙalai a kan shimfiɗunsu, amma suka wajabta a riƙa rubuta shari'u a littafi. Da Larabci aka fara, daga baya boko ya shigo. Haka aka yi ta tafiya har 1968, lokacin da kotunan suka bar hannun En'e suka koma kotunan yanki. Daga irin waɗannan rubuce-rubuce ne Allan Christelow ya fassara shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya buga su a 1994.

Shari'ar gado ita ce ta fi amfani ga mai neman asali, domin alƙali ba ya raba dukiya sai an lissafa magada: matan mamaci, da 'ya'yansa maza da mata. Nan ake tsintar sunayen iyayenmu mata, waɗanda salsalar baka ta saba tsallakewa. Shari'ar gona kuwa takan ambaci shaidu da maƙwabtan iyaka.

Mai niyya ya fara da tsofaffin gidansu, ya rubuta sunaye da laƙabi da unguwa da zamanin sarkin da abin ya faru. Sannan ya nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, tare da malami mai karanta rubutun Larabci na da.

Sai dai a yi hattara. Littattafan nan na ɗauke da labarin bashi, da sakin aure, da fansar bayi. Abin da mutum ya gani game da gidan wani amana ce, ba abin gori ba ne.

Muna kira ga ƙungiyarmu ta kafa kwamitin da zai ɗauki hoton duk takardar da ta shafi garinmu, tun gara da ɗanshi ba su riga mu ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.