Abin da wutar lantarki ke yi cikin waya, da dalilin da ya sa ƙaramar waya ke jawo gobara

Wutar lantarki gudana ce ta wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektaron. Jan ƙarfe da alminiyom suna ba su hanya cikin sauƙi, shi ya sa ake yin waya da su. Roba da gilashi da busasshen katako kuwa suna tare su, don haka ake naɗe waya da roba. Duk inda wutar ta ratsa, tana iya haifar da abubuwa uku.

Na farko shi ne zafi. Kowane ƙarfe yana yi wa wuta turjiya, turjiyar kuma tana komawa zafi. A wajajen 1840, James Joule na Ingila ya nuna cewa idan wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin yana ninkawa sau huɗu. Da wannan zafi dutsen guga da hita ke aiki. Haka ma fiyus: siririyar waya ce da aka yi don ta narke ta yanke wuta kafin sauran wayoyin gida su ƙone.

Na biyu shi ne maganaɗisu. A 1820, Hans Christian Oersted na Denmak ya lura cewa waya mai ɗauke da wuta tana karkatar da allurar kamfas. A 1831, Michael Faraday ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da waya yana samar da wuta. Fanka da injin markaɗe da taransifoma, har da injinan madatsun Kainji da Shiroro, duk a kan wannan suka dogara.

Na uku shi ne sauya sinadarai. Wuta na iya raba sinadari ko ta haɗa shi. Ta haka batir ke caji, ta haka kuma ake tace alminiyom, aikin da aka gina masana'antar Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom dominsa.

Cikin ukun, zafi ne ya fi shafar aljihu da rai. Don a rage asarar wuta a hanya ake ɗaga ƙarfinta zuwa bolt 330,000 a manyan layukan Najeriya, sannan taransifomomi su sauke shi mataki-mataki har ya kai bolt 230 a gida. Idan aka ɗora wa taransifomar unguwa gidajen da suka fi ƙarfinta, sai ta yi zafi ta ƙone, jama'a su zauna cikin duhu.

A gida da kasuwa ma haka abin yake. Waya siririya ta fi kakkaura turjiya, kuma alminiyom yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka. Idan aka sayar da wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a matsayin ta gaske, ko aka maye gurbin fiyus da kakkaurar waya, robar za ta narke, wuta ta tashi.

Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin wayar da ke kasuwa, NEMSA kuma ke duba yadda aka haɗa wuta. Saboda haka, idan aka ce “matsalar lantarki” ce ta haddasa gobara, akwai tambayoyin da ya kamata su biyo baya: wace irin waya aka sa, wa ya sayar da ita, kuma wa ya duba aikin?