Makafin Ƙasar Daura da Tambayar Ido

Mu Hausawa mukan ce makaho ya rasa ido, ya ce ido na wari. Karin maganar ta yanke hukunci tun ba a saurari mai abin ba, wato duk makahon da ya ce ya wadatu da halinsa, haushin rashi ne ke cin sa. Tarihin makafin ƙasarmu bai yarda da wannan hukunci duka ba.

A Daura, kamar sauran biranen Hausa, makafi jama'a ce mai tsari. Suna da Sarkin Makafi mai sasanta rigimarsu da kai kukansu fada, suna aure, suna tufkar igiya, wasunsu kuma malamai ne da suka haddace Alƙur'ani da kunne. Da yawansu agana ko ƙyanda ce ta ɗauke musu gani tun suna goye, don haka ba su san wata duniya da za su yi kewa ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya rayu har 1990, kuma waƙarsa ta Imfiraji makafi ne suka yaɗa ta ƙofa-ƙofa har ta shiga zaurukanmu. Irin wannan mutum, in an ce masa ga ido, me zai ƙara masa? Sai ya koma koyon hanyar da ƙafarsa da sandarsa suka riga suka sani.

Amma kada mu yi wa bara ado. Yaron da ya zama ɗan jagora yakan rasa makaranta, kuma ba kowane makaho ne aka haifa cikin duhu ba. Dattijon Ɓaure ko Zango da yana ta rufe wa ido bayan shekara sittin yana noma, shi ba ya jiran a tambaye shi. Irinsu ne suka riƙa miƙa ido ga masu ture yana da tsinke, aikin da ya lalata idanu da dama, ko su nufi asibitin ido na Kano da mishan suka buɗe a 1943.

An sanar da kawar da agana daga duniya a 1980, sai makanta ta fi komawa kan tsofaffi. Binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 84 cikin ɗari na makantar 'yan shekara 40 zuwa sama ana iya hana ta ko warkar da ita, yana kaɗai ta ɗauki kashi 43. Mu da ke Kaduna, Legas da Abuja, yawancin iyayenmu da ke zaune a ɗaki ba zaɓa suka yi ba, kuɗin aiki da na mota ne suka gagara.

Wanda kuwa idonsa ba zai dawo ba, buƙatarsa daban ce: rubutun makafi, sana'a, da mutunci. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci.