Jibo Bakari da ƙuri'un Tasawa

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Tasawa da Mayahi, maza da mata. Yau za mu yi hira a kan Jibo Bakari, magajin garin Yamai na farko, da yadda labarinsa ya biyo ta ƙasarku.

An haifi Jibo a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Shi da Jori Hamani 'yan'uwa ne, garinsu ɗaya. Ya yi karatu a makarantar horon malamai ta William Ponty, a Senegal, ya dawo gida ya zama malamin lakwal. Da aka kafa jam'iyyar PPN a 1946, yana cikinta tare da Jori. Alamarta giwa. Daga baya suka raba hanya, Jibo ya kafa tasa jam'iyya, UDN, a 1954.

A wancan zamani gujiya ita ce kuɗin ƙasar Maraɗi. Manomi ya noma, kamfanin Nasara ya auna, ya sa farashi, ga kuma haraji yana jira. Jibo ya tsaya wa manoman gujiya. Ya haɗa kan leburori, da direbobi, da ƙananan 'yan kasuwa. Talakawa suka ba tafiyar suna da harshenmu: Sawaba, wato sauƙi bayan wahala. Alamarta raƙumi.

A watan Nuwamba na 1956 aka zaɓe shi magajin garin Yamai. A 31 ga Maris 1957 aka yi zaɓen majalisar ƙasa. Kujeru 60 ne, Sawaba da abokanta suka ci 41. Sarakuna da yawa suna tare da shi a lokacin. Jorj Konda, haifaffen Maraɗi, ya zama shugaban majalisa. Jibo ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko, amma gwamnan Faransa yana nan bisa kanta.

Sai 1958 ta zo. Janar Dagol ya yi wa ƙasashen da Faransa take mulka tambaya guda: za ku zauna tare da mu? Wanda ya ce "I" ya zauna. Wanda ya ce "A'a" ya karɓi 'yanci nan take, Faransa kuma ta janye hannunta. Seku Ture na Gine ya ce "A'a". Jibo ma ya ce "A'a".

Faransa ba ta so haka ba. Ta aiko sabon gwamna, Kolombani. Sarakuna suka juya wa Jibo baya, suka koma wajen masu "I". Ranar 28 ga Satumba aka jefa ƙuri'a. Cikin mutum 100 da aka rubuta, kamar 37 ne suka fito. Cikin ƙuri'a 100, "I" ta samu 78, "A'a" ta samu 22. A watan Oktoba Jibo ya sauka daga mulki.

To, ga inda maganar ta shafe ku. Ranar 14 ga Disamba 1958 aka sake zaɓen majalisa. Sawaba ta tsira da kujera 11 kaɗai, a Tasawa da Damagaram. Kakanninku ne suka jefa waɗannan ƙuri'u, alhali sun ga inda iska take kaɗawa. Amma aka ce an yi maguɗi, aka soke zaɓen wuraren biyu. Kujerun Tasawa aka ba masu mulki. Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati. A Oktoba 1959 aka hana jam'iyyar Sawaba, Jibo kuwa ya yi gudun hijira. Ya zauna Mali, da Gana, da Gine. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu 'yanci, wanda ya nemi 'yancin tun 1958 yana waje.

Da aka toshe hanyar ƙuri'a, Sawaba ta ɗauki bindiga. A 1964 mayaƙanta suka shigo ƙasa, gwamnati ta murƙushe su. An kashe wasu, an ɗaure da yawa. A 1965 aka jefa wa Jori gurneti a masallacin Idi na Yamai, ya tsira. Wuyar ta faɗa kan talakawa, su da aka yi wa alkawarin sawaba.

Bayan juyin mulkin Seyni Kunce a 1974, Jibo ya dawo gida. A 1975 aka kama shi, ya yi shekaru a tsare. Da jam'iyyu suka dawo, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Allah ya jiƙan shi.

Jama'a, wanda ya soke ƙuri'ar talaka ya buɗe ƙofar fitina. Wanda ya ɗauki bindiga kuma, talakan ne yake jawo wa kuka. Duka biyun sun faru a ƙasarmu cikin shekara 6.

Idan kun taru a aji, ku tattauna: da kuna nan a 1958, "I" za ku ce ko "A'a", kuma don me? Ku tambayi tsofaffin garinku abin da suka ji game da raƙumi da giwa. Abin da suka faɗa, ku rubuta shi da hannunku, don kada ya ɓace.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.